Thomas N'Kono: asirin mai tsaron gida

Ranar 7 ga watan Fabrairu na shekarar 2002, filin wasa na 26 Maris da ke Bamako ya cika ya batse tun da sauran rana. Mali, mai masaukin baƙi, za ta kara da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka. Ba a kai ga busa usur ba sai aka ga ƴan sanda sun yi wa wani mutum mai kayan ƙungiyar Kamaru zobe a bakin fili, suka kayar da shi, suka sa masa ankwa, suka ja shi waje a gaban dubban jama'a da masu ɗaukar hoto. Zargin da aka yi masa shi ne wai ya yar da wani abin asiri a cikin fili.

Wanda aka yi wa wannan wulaƙanci shi ne Thomas N'Kono, mai horas da masu tsaron gidan Kamaru, mutumin da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka har sau biyu, wanda kuma ya riƙe kyaftin ɗin ƙasarsa a Kofin Duniya na 1982. Abin ya yi muni har sai da shugaban Mali na lokacin, Alpha Oumar Konaré, ya ba Kamaru haƙuri. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta dakatar da N'Kono na shekara guda, daga baya kuma ta janye hukuncin. A cikin fili kuwa Kamaru ta ci Mali 3 da nema, sa'an nan ta doke Senegal a wasan ƙarshe da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wasa shida ta yi a wannan gasa, ba a jefa mata ƙwallo ko ɗaya ba kafin wancan bugu na raba gardama.

Masu neman laya sun tafi gida da tasu fassarar. Amma abin da ya tsare ragar Kamaru a Mali yana da tarihi na kusan shekara talatin, kuma ana iya bin sawunsa daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ake bin sawun kowace sana'a daga ubangida zuwa yaronsa.

Yaron Dizangué da malaminsa

An haifi Thomas N'Kono a shekarar 1956 a Dizangué, garin gonakin roba a kudancin Kamaru, kusa da Edéa. Ya fara tsaron gida a ƙungiyar Éclair ta Duwala, daga nan ya koma Canon ta Yawunde, wadda a zamanin ita ce uwa ma ba da mama a ƙwallon ƙasar.

A daidai wannan lokaci ne, tsakanin 1973 da 1975, Kamaru ta ɗauko wani ɗan Yugoslabiya mai suna Vladimir Beara domin ya horas da ƙungiyar ƙasa. Beara tsohon mai tsaron gida ne da ya tsare wa ƙasarsa raga a Kofin Duniya na 1950 da 1954 da 1958, kuma masana suna lissafa shi cikin gwanayen zamaninsa. Ya tarar da samari biyu masu hazaƙa, N'Kono da Joseph-Antoine Bell, ya sa musu ido. Tun daga nan, duk inda aka tambayi N'Kono wane ne malaminsa, sunan Beara yake ambata.

Dalilin da ya sa wannan haɗuwa ta yi tasiri yana cikin yanayin sana'ar kanta. Ɗan wasan gaba yana iya koyon yanka da gudu a kan titi, cikin ƴan uwansa yara, ba tare da kowa ya nuna masa ba. Mai tsaron gida kuwa yawancin aikinsa ba ya ganuwa ga ɗan kallo. Akwai sanin inda za a tsaya domin a rage wa mai bugu faɗin raga. Akwai sanin lokacin fita da lokacin zama a kan layi idan an ɗago ƙwallo daga gefe. Akwai yadda ake jera yatsu a bayan ƙwallo, da yadda ake faɗuwa a kan gefen jiki ba tare da an karya kafaɗa ba, da yadda ake tsara ƴan baya da murya tun kafin haɗari ya iso. Yaro mai tsalle da zafin nama zai burge jama'a shekara ɗaya ko biyu, amma waɗannan abubuwa sai wanda ya taɓa tsayawa tsakanin turaku biyu ne yake iya gyara masa su. Da koyo akan iya, in ji masu iya magana.

Amfanin koyon bai daɗe ba ya bayyana. Da N'Kono a raga, Canon ta ci Kofin Zakarun Afirka a 1978, inda ta doke Hafia ta Konakiri, wadda take riƙe da kofin. A 1979 ta ci kofin ƙungiyoyin da suka ɗauki kofin ƙasarsu, bayan ta lallasa Gor Mahia ta Kenya. A 1980 ta sake cin Kofin Zakarun, a hannun Bilima ta Zayir, kuma a Kinshasa ta yanke hukuncin. Mujallar France Football, wadda ita ce take zaɓen gwarzon Afirka a wancan zamani, ta ba N'Kono wannan lamba a 1979. Shi ne mai tsaron gida na farko da ya same ta. Ya sake samun ta a 1982. Bayansa, Badou Zaki na Maroko ya karɓe ta a 1986.

Ispaniya 1982: wanke suna

Domin a gane nauyin da N'Kono ya ɗauka zuwa Kofin Duniya na 1982, sai an tuna abin da ya faru shekara takwas kafin nan. A 1974, a Jamus, Yugoslabiya ta ci Zayir 9 da nema, kuma tun ana 3 da nema aka fitar da mai tsaron gidan Zayir, Kazadi Mwamba, daga fili. Wannan hoto ya zauna a zukatan Turawa. Ko da suka fara yarda cewa Afirka tana da ƴan gaba masu fasaha, sun ci gaba da ɗaukar mai tsaron gida baƙar fata a matsayin wanda ba a dogara da shi.

Kamaru ta faɗa rukuni ɗaya da Peru da Polan da Italiya, ƙarƙashin Bafaranshe Jean Vincent. N'Kono ya shiga fili da dogon wando baƙi, shigar da ta zama alamarsa. Duk wanda ya taɓa faɗuwa a kan filin tsakuwa ya san amfaninta. Aka tashi babu ci da Peru. Aka tashi babu ci da Polan, mai Boniek da Lato, wadda ta ƙare gasar a matsayi na uku. Ranar 23 ga watan Yuni, a birnin Vigo, aka haɗu da Italiya, kuma kyaftin na kowane ɓangare mai tsaron gida ne: N'Kono a nan, Dino Zoff mai shekara 40 a can. Francesco Graziani ya ci da ka a daidai lokacin da ƙafar N'Kono ta zame, minti ɗaya bayan haka Grégoire M'Bida ya rama. Aka tashi 1 da 1.

Italiya da Kamaru suka ƙare da maki uku-uku. Abin da ya raba su shi ne Italiya ta ci ƙwallo biyu, Kamaru ta ci ɗaya. Italiya ta wuce, ta je ta ɗauki kofin. Kamaru ta koma gida ba tare da kowa ya doke ta ba. Ƙwallo ɗaya tak aka jefa wa N'Kono cikin wasa uku, kuma wannan ɗaya, na zamewar ƙafa, ya isa ya rufe musu hanya. Haka lissafin wannan sana'a yake. Ɗan gaba yana ɓarar da dama goma, ya ci ta goma sha ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron gida yana tare goma, ta goma sha ɗaya ta wuce, ita za a riƙa tunawa.

Shekara tara a Basalona

Ƙungiyar Espanyol ta birnin Basalona ta ga abin da ya yi, ta ɗauke shi a wannan shekara. A lokacin dokar Ispaniya ta taƙaita yawan baƙin da ƙungiya za ta iya sawa a fili, saboda haka ba da gurbin baƙo ga mai tsaron gida ɗan Afirka babbar kasada ce. N'Kono ya zauna har 1991, ya buga wasa 241 a babban rukunin ƙasar, ya zama ɗan gida a tsohon filin Sarrià. A kakar 1986 zuwa 1987, ƙarƙashin Javier Clemente, Espanyol ta ƙare ta uku a Ispaniya, abin da ya buɗe mata ƙofar Kofin UEFA.

Tafiyar da ta biyo baya ita ce ƙololuwar aikinsa a Turai, ita ce kuma mafi ɗaci. Espanyol ta fitar da Borussia Mönchengladbach ta Jamus. Ta fitar da AC Milan ta Arrigo Sacchi, wadda ta ci gasar Italiya a wannan kaka, ba tare da an ci N'Kono ko ɗaya ba a gida da waje. Ta fitar da Inter Milan, da Vítkovice, da Club Brugge. A watan Mayu na 1988, a zagayen farko na wasan ƙarshe, ta ci Bayer Leverkusen 3 da nema a Sarrià. Da aka je Jamus bayan mako biyu, har aka tafi hutun rabin lokaci babu wanda ya ci. Kofi ya kusa shiga hannu.

Cikin ƙasa da rabin sa'a komai ya rushe. Tita ya ci, Falko Götz ya ƙara, Cha Bum-kun ɗan Koriya ya cike na uku. Aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. N'Kono ya tare bugun farko na Jamusawa, Espanyol ta shiga gaba da 2 da nema, sa'an nan ƴan wasanta uku a jere suka ɓarar da nasu. Leverkusen ta ɗauki kofin da 3 da 2. Shekara ɗaya bayan haka Espanyol ta faɗa rukuni na biyu, N'Kono kuma bai gudu ya bar ta ba.

Gwani biyu, raga ɗaya

Ƙungiya tana iya sa ƴan gaba biyu ko uku, ta sa ƴan tsakiya huɗu, amma mai tsaron gida ɗaya ne. Allah ya ba Kamaru gwanaye biyu a zamani guda, almajiran malami guda, kuma kusan shekara ashirin ƙasar tana rabe a kan wanda ya fi cancanta. Joseph-Antoine Bell, wanda aka haifa a 1954, ya ci Kofin Zakarun Afirka da Union ta Duwala a 1979, ya yi wasa a Abijan da Masar, kafin ya je Faransa ya tsare wa Marseille da Toulon da Bordeaux da Saint-Étienne raga. Halinsu ya bambanta kamar yadda wasansu ya bambanta. Bell mai fita ne nesa da ragarsa, mai wasa da ƙafa, mai faɗin abin da ke ransa a gaban kowane shugaba. N'Kono mai natsuwa ne a kan layi, mai kama ƙwallo ya riƙe, maras yawan magana.

A Kofin Afirka na 1984 a Kodibuwa, N'Kono ne ya fara gasar, amma ƙungiyarsa ta Ispaniya ta kira shi, domin gasar tana faɗowa a tsakiyar kakar Turai. Bell ya karɓi raga, da shi aka ci Najeriya 3 da 1 a Abijan, Kamaru ta ɗauki kofinta na farko. A 1986 N'Kono ya dawo, aka kai wasan ƙarshe a Alƙahira, aka tashi babu ci, Masar ta yi nasara da bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 1988 a Maroko kuma Bell ne a raga lokacin da aka sake doke Najeriya 1 da nema a Kazablanka.

Da Kofin Duniya na 1990 ya ƙarato, kowa ya ɗauka Bell ne zai tsaya. Ƙungiyarsa, Bordeaux, ta ƙare ta biyu a Faransa, alhali N'Kono ya fito ne daga rukuni na biyu na Ispaniya. To amma Bell ya soki shirin da aka yi wa ƙungiyar ƙasa a cikin jarida, maganar ta ɓata wa shugabanni rai, aka ajiye shi ana dab da wasan farko. Mai horaswa Valeri Nepomniachi, ɗan Tarayyar Sobiyet, ya miƙa wa N'Kono raga. A nan ne wani sashe na tarbiyyar mai tsaron gida ya nuna kansa, wato zama a shirye ko da babu alamar za a kira ka. Mutumin da ya zo a matsayin na biyu, yana da shekara kusan 34, ya shiga filin San Siro na Milan ranar 8 ga watan Yuni domin ya fuskanci Ajantina mai riƙe da kofi, da Diego Maradona a cikinta.

Kamaru ta ci 1 da nema. François Omam-Biyik ya sa kai, ƙwallon ya suɓuce wa Nery Pumpido, mai tsaron gidan Ajantina, ya gangara raga. An ba André Kana-Biyik da Benjamin Massing jan kati, Kamaru ta ƙare wasan da mutum tara, N'Kono bai bari an ci shi ba. Aka doke Rumaniya 2 da 1 da ƙwallaye biyu na Roger Milla mai shekara 38, aka sha kashi 4 da nema a hannun Sobiyet, duk da haka Kamaru ce ta farko a rukuninta. A Napoli aka fitar da Kolombiya 2 da 1, bayan mai tsaron gidansu René Higuita ya fito nesa yana wasa da ƙwallo, Milla ya ƙwace. Manyan nasarori biyu na Kamaru a wannan gasa, ke nan, kuskuren mai tsaron gidan abokan hamayya yana cikinsu, nata kuwa ya riƙe amana.

Ranar 1 ga watan Yuli, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta buga zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. David Platt ya fara ci wa Ingila, Emmanuel Kundé ya rama, Eugène Ekéké ya sa Kamaru gaba. Saura minti bakwai a tashi aka ba Ingila fanareti, Gary Lineker ya ci. A ƙarin lokaci Lineker ya sake kutsawa, ya faɗi a tsakanin N'Kono da Massing, alƙali ya sake nuna wurin bugu, ya sake ci. Aka tashi 3 da 2. Bayan wannan gasa aka ƙara wa Afirka gurbi, daga biyu zuwa uku, a Kofin Duniya na 1994.

Cikin masu kallon wannan gasa a talabijin akwai wani yaro ɗan shekara 12 a garin Carrara na Italiya, mai wasa a tsakiyar fili. Sunansa Gianluigi Buffon. Ya sha faɗa cewa ganin N'Kono ne ya sa ya koma raga. Buffon ya ci Kofin Duniya da Italiya a 2006, ya buga wa ƙasarsa wasa 176, kuma ɗansa na fari, wanda aka haifa a 2007, sunansa Louis Thomas, takwaran ɗan Dizangué. Wani ɗan Turai ya koya wa ɗan Afirka sana'a a Yawunde, ɗan Afirkan kuma ya mayar da ita Turai ta hanyar da shi kansa bai sani ba a lokacin.

Bayan Espanyol, N'Kono ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyin Sabadell da L'Hospitalet. A Kofin Duniya na 1994 a Amurka yana cikin tawaga amma bai buga ba. Bell ya tsaya a wasa biyu, Jacques Songo'o a na uku. Daga nan ya tsallaka Bolibiya, ƙungiyar Bolívar ta birnin La Paz, mai tudun mita 3,600 daga teku, inda numfashi kan yi wa baƙo wuya. Ya ci gasar ƙasar a 1996, ya ajiye safar hannu a 1997 yana da shekara 41. Da wata ƙungiyar masana tarihin ƙwallo, IFFHS, ta zaɓi gwanin masu tsaron gidan Afirka na ƙarni na ashirin, Bell ta sa a gaba, N'Kono na biye, gardamar Kamaru kuma ba ta mutu ba.

Daga raga zuwa koyarwa

Sana'ar da N'Kono ya shiga koyarwa ta riga ta sauya daga wadda ya koya a hannun Beara. A 1992 aka kafa dokar da ta hana mai tsaron gida kama ƙwallo da hannu idan ɗan ƙungiyarsa ne ya mayar masa da ƙafa da gangan. An yi haka ne saboda ɓata lokacin da ya yi yawa a Kofin Duniya na 1990. Tun daga nan ya zama tilas mai tsaron gida ya iya tsayar da ƙwallo da rarraba shi da ƙafa, abokan hamayya suna kansa. Malamin da ya tsaya a kan abin da ya sani a zamaninsa kaɗai, almajirinsa zai sha wuya. Sai da N'Kono ya haɗa tsohon ilimi da sabo.

Almajirinsa a Mali a 2002 shi ne Alioum Boukar, ƙarƙashin babban mai horaswa Winfried Schäfer ɗan Jamus. Boukar ne ya yi wasa shida ba a ci shi ba, shi ne kuma ya tare bugun Aliou Cissé, kyaftin ɗin Senegal, wanda ya ba Kamaru kofinta na huɗu. Aikin mai horas da masu tsaron gida yana faruwa ne a gefen fili, da mutum biyu ko uku, safe da yamma, ana maimaita faɗuwa ɗaya har jiki ya haddace ta, ana nazarin ɓangaren da kowane mai bugu ya fi so. Ɗan kallo ba ya ganin wannan, shi ya sa idan sakamako ya zo yakan nemi dalilinsa a wani wuri.

Daga 2003 N'Kono ya koma Espanyol a matsayin mai horas da masu tsaron gida, ya daɗe a wannan aiki. A 2004 ƙungiyar ta ɗauko Carlos Kameni, ɗan Duwala, wanda ya ci lambar zinariya da Kamaru a wasannin Olamfik na Sidni a 2000 yana da shekara 16, amma ya je Faransa ya rasa gurbi a Le Havre. A hannun N'Kono, a ƙungiyar da ta riga ta san darajar mai tsaron gida ɗan Kamaru, Kameni ya zama na farko a raga, ya riƙe ta shekara da shekaru kafin ya koma Málaga a 2012. Da shi Espanyol ta ci Kofin Sarkin Ispaniya a 2006, inda ta doke Zaragoza 4 da 1 a Madrid. Ya kuma sha zagin wariyar launin fata daga ƴan kallo a wasu filaye, irin abin da Bell ya gani a Faransa lokacin da aka jefe shi da ayaba. A irin wannan rana, samun babba na kusa wanda ya riga ya bi hanyar yana daga cikin horo. Daga baya Kameni ya karya tarihin da N'Kono ya kafa a ƙungiyar na daɗewa ba a ci shi ba, malamin yana zaune a benci yana kallo. Ubangidan kirki a kasuwa ya san wannan farin ciki, ranar da yaron da ya sallama da jari ya buɗe rumfar da ta fi tasa.

Ɗacin 1988 ma ya sake dawowa. A 2007 Espanyol ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin UEFA, a Glasgow, da Sevilla. Gorka Iraizoz ne a raga. Aka tashi 2 da 2, aka je bugun raba gardama, Andrés Palop na Sevilla ya tare uku. N'Kono ya rasa kofi ɗaya sau biyu ta hanya ɗaya, da farko da safar hannu, na biyu daga benci. A 2009 kuma, da Otto Pfister ya ajiye aiki, aka ba shi riƙon ƙwarya na ƙungiyar Kamaru. Ya yi canjaras babu ci da Maroko a Yawunde, aka naɗa Paul Le Guen, shi kuma ya koma ga masu tsaron gidansa.

Abin da ya bari

Ƙofar da N'Kono da Bell da Zaki suka tura ta buɗe sosai. Fabrice Ondoa ya tsare wa Kamaru raga har ta ci Kofin Afirka na 2017. André Onana ya kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Inter Milan a 2023. Édouard Mendy na Senegal ya ci wannan kofi da Chelsea a 2021, FIFA ta zaɓe shi gwanin masu tsaron gidan duniya na wannan shekara. Yassine Bounou ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya a 2022. Nijar ma ta ɗanɗana albarkar filayen Kamaru: Kassaly Daouda ya tsare wa Coton Sport ta Garwa raga lokacin da ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 2008, shi ne kuma ya hana Kongo ta Kinshasa ci a 2013, ranar da Mena ta samu makinta na farko a Kofin Afirka.

Masu riƙe da ƙungiyoyi, da ƴan kasuwa da ma'aikatan da suke zuba musu kuɗi, sukan fara tambayar wane ɗan gaba za a sayo. Yaron da ke raga kuwa akan bar shi a gefe ya yi ta tare bugun abokansa, a ce ya yi horo. Tarihin N'Kono yana nuna inda kuɗi kaɗan ke haifar da riba mai yawa. Shekara biyu kawai Beara ya yi a Kamaru, ya rasu a 2014, amma abin da ya shuka ya kai ga Boukar da Kameni bayan shekara talatin. Duk garin da ke da filin ƙwallo yana da tsohon mai tsaron gida da ya ajiye safar hannu, ya koma shago ko ofis, da iliminsa a ka. Ya kamata a neme shi, a ba shi yara biyu ko uku da ƴan ƙwallaye, a biya shi haƙƙinsa, tun yana da ƙarfin nuna musu yadda ake faɗuwa a tashi.